Kwanon Ruwa a Motar Alhaji Kyari

Ku 'yan zamani da kuke zaune a bakin gareji, a kawo muku mota ku kwance tsohon ƙarfe ku ɗaura sabo daga kanti, ku ce kun yi gyara, ku matso kusa. Ran nan na ji jikana yana gaya wa abokansa wai mota mai canza giya da kanta ba ta da wata wahala, mai kawai za ka zuba mata ka rabu da ita. Ban tanka masa ba a lokacin, goro na bakina. Amma tunda na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata har na iya haɗa baƙi, to ga amsarsa nan, in ya iya karanta hannun tsohuwa.

Ni 'yar maƙera ce. Rumfar babana tana Nguru, bayan tashar jirgi, daidai inda layin dogo ya gaji ya tsaya. Fartanya yake yi da lauje da mashin kamun kifi na Badawa. Da motocin gyaɗa suka fara yawa, sai direbobi suka riƙa kawo masa karyayyen ƙarfe ya haɗa musu, tun yana korarsu har ya saba. Ba shi da ɗa namiji, don haka ni aka ajiye a bakin zugazugi tun ban iya ɗaura zane ba. Kada wani ya ce mini mace da ƙira. Wuta ba ta taɓa tambayata ba.

Aikina na farko a kan mota wanki ne. A yanka garwa biyu, a zuba kananzir a rabin, a kwaso mini kayan cikin inji baƙi ƙirin, in zauna da tsumma da gashin kaza ina bin kowane rami. In na gama in jera su a tabarma yadda aka ciro su, na farko a dama, na ƙarshe a hagu. In akuya ta bi ta kan tabarmar, ranar kowa ya shiga uku. Daga nan na koyi yankan fatar da ake shimfiɗawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya yi yoyo. Ba kanti ake zuwa ba. Ka ɗora fatar akuya a kan bakin ƙarfen, ka bi gefen da 'yar guduma a hankali, ƙarfen da kansa zai yanka maka ita daidai. In ka yi gaggawa ka fasa ƙarfen, mai shi ya fasa maka kai. Lagireto, wato tankin ruwan inji, in yana yoyo a hanya, garin kuka muke zubawa. Wani direba ya taɓa zuba barkonon Gashuwa, yoyon ya tsaya, amma fasinjojinsa da atishawa suka shiga Machina.

Mijina, kakan yaron nan, ba na faɗin sunansa, Malam zan ce, ya dawo daga soja da akwatin sifana da ɗan sanin inji. Ya zo rumfar babana a gyara masa guduma, bai tafi ba sai da ya auri mai zuga wutar. Shi ne bakaniken, babana maƙerin, ni mai wanki. Sifanar da babu a akwatin, babana ya dubi kan kusar sau ɗaya ya ƙera ta. Rami muka haƙa a ƙasa ake ɗora mota a kai, jak ɗinmu kuwa kututturen giginya ne da mutum huɗu masu ƙarfi. Malam mutum ne mai sanyi, gwani a hannu, amma in mai kuɗi ya ɗaga masa murya sai ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Muna da wata al'ada a rumfar nan, ku riƙe ta don a kanta komai ya rataya. In an gama ɗaure mota, aka tayar da ita ta tashi, duk ƙarfen da ya ragu a tabarma na maƙera ne. Ragowa muke ce masa. Ba sata ba ce, kowane direba ya sani. Kuma kusan kowane aiki sai ya bar ragowa, kusa ɗaya ko wani lanƙwasasshen ƙarfe da ba wanda ya tuna inda ya fito. Malam kan ce Turawa suna cusa ƙarfe fiye da kima ne don a ga kayansu da nauyi. A manyan motoci maganarsa ba ta taɓa ƙaryata shi ba. Mun rage musu ƙarfe iri-iri, suna nan suna tafiya.

Babban mai kawo mana aiki shi ne Alhaji Kyari, mai sayen gyaɗa da ƙaro da fatu. Manyan motocinsa ne ke jigila tsakanin Gashuwa da Kumagannam da tashar jirgi, kuma duk a raminmu suke kwana in sun yi ciwo. Dogo ne, mai son farin kaya, mai son a gan shi. Shi ya sauke wata ƙaramar mota ta Amurka daga kan jirgin ƙasa, doguwa, kore shar, gabanta kamar bakin kifin ragon ruwa. Rabin Nguru ya taru a tasha. Direbansa Audu Dogo ya shiga, ya laluba da ƙafar hagu bai ji kuloci ba, ya sunkuya ya leƙa, ya fito ya ce an sace wani abu a hanya. Sai da wani akawun tasha ya ce ai haka aka yi ta, ita ke canza wa kanta giya.

Audu bai taɓa yafe wa motar nan ba. Mutumin da ya yi suna wajen sa giya a rairayi, yanzu an ba shi sitiyari kawai ya riƙe kamar mai riƙon jariri. Ƙafarsa ta hagu kuma ba ta haƙura ba, kullum tana neman kuloci, in ta rasa sai ta sauka a kan birki. Hular Alhaji ta sha zuwa kujerar gaba ita kaɗai. 'Yan tasha suka sa wa motar suna Ta-ga-dama. Amma gaskiya, yadda ta zo, tafiyarta kamar kwale-kwale a kan tafki. Ba ka jin sanda ta canza giya sai dai ka ji muryarta ta sauka.

To akwai wani Alhaji Sale a Gashuwa, abokin hamayyarsa a cinikin gyaɗa, shi ma da ƙaramar motarsa, mai giyar hannu, mai ƙara kamar hadari. Ba wani tsere suka taɓa yi ba. Kawai dai in motar Alhaji Sale ta shigo gari kowa ya sani, in ta Alhaji Kyari ta shigo sai ta tsaya kafin a lura. Wannan ya hana shi sakat. Audu kuma ya samu ƙofa, yana ta zuga shi cewa motar da ba ta da murya ba ta da ƙarfi. Suka zo rumfarmu, Alhaji ya ce a ƙara mata ƙarfi. Malam ya fara cewa da an bar ta yadda take, Alhaji ya dube shi, Malam ya ɗauko sifana.

Abu uku aka yi mata. Aka yanke salansa, bututun da ke rage mata ƙara. Aka sa mata tayoyi masu faɗi saboda rairayi. Sannan aka cire kafiretarta, wato inda fetur ke gauraya da iska kafin ya shiga inji, aka ɗora ta babbar mota, da ƙatuwar tukunyar iskarta a kai. Babana ya ƙera mazaunin da zai haɗa su, ni na yanka fatar. Da aka tayar, kajin unguwa suka watse, Alhaji ya yi murmushi har kunne. A tabarma kuwa aka bar tsohuwar kafireta da wani siririn ƙarfe, tsawon hannu, mai 'yar lanƙwasa a tsakiya, wanda ba shi da wurin kamawa a jikin sabuwar. Mota ta tashi, ragowa ta zama ta maƙera.

Shekarar ce gyaɗa ta ƙi. Ruwa ya ɗauke tana fure, abin da aka tono bai fi a ba yara ba. Masu mota ɗaya ɗaya suka jingine su, wasu suka gangara kudu neman lodi. Gero ya yi wuya, har na fara haɗa tuwo da dusa ban gaya wa kowa ba. Motocin da suka rage a hanya na Alhaji Kyari ne, don shi yana da ƙaro da fatu da bandar kifi. In motarsa ta shigo rami mun ɗora tukunya, in ba ta shigo ba mun sha ruwa. A kuma daidai lokacin wani sabon bakanike ya buɗe gareji kusa da kasuwa, da rufin kwano, yana ta aika wa Alhaji gaisuwa.

Ta-ga-dama kuwa, tunda aka ƙara mata ƙarfi ta zama raguwa. Daga tashi sai ta yi ta tsallake giya, kafin ta bar ƙofar gida ta kai ta ƙarshe, sai ta tsaya tana gurnani tana kakkarwa ba gudu. In ta tarar da rairayi, maimakon ta sauko giyar ƙarfi, sai ta yi ta kuka a ta sama har ta nutse. Akwai wani tudun rairayi a hanyar Gashuwa, nan ta kafe ranar kasuwa. Ana cikin turawa Alhaji Sale ya zo wucewa, ya tsaya, ya sauke gilashi, ya yi sallama da ladabi, ya tambaya ko a aiko da jaki.

Malam ya shiga ƙarƙashinta ya ga wani ɗan hannu a jikin akwatin giya yana lilo ba abin da ya riƙe shi. Ya ce wannan ne, ya ja shi ƙarshe ya ɗaure da waya. Sai ta juya hali. Yanzu ba ta son barin giyar farko, sai ta yi ta ihu kamar ana yanka ta, mutane na fitowa daga gida, can in ta ga dama ta canza da wani irin harbi, na baya ya gwaru da kujerar gaba. Alhaji ya ciji harshensa a gaban surukinsa. Wasu suka ce iska ce ta shige ta, dama motar da ke sa wa kanta giya ai ba ita kaɗai ba ce. Har rubutu aka wanke aka zuba mata a lagireto.

Alhaji ya zo da kansa, yana magana da gefen baki saboda harshen. Bai zauna a tabarmar da na shimfiɗa ba. Ya ce yana son ƙarfinta yadda aka ƙara, yana kuma son laushinta yadda ta zo, kuma kafin kasuwar Gashuwa ta sama. In ba haka ba, daga ita har manyan, garejin kasuwa za su koma. Ya ce da hannunsa zai riƙe kwano cike da ruwa a kujerar baya, in ta canza giya ɗigo ya zuba, shi ke nan.

Bayan ya tafi muka koma bakin wuta. Babana yana ta gyara gawayi, sai can ya ce shi dai siririn ƙarfen nan da aka ba shi, bakinsa biyu duk sun sha gogayya suna ƙyalli, kuma ƙarfen da ya yi ƙyalli a baki biyu ba zaman banza yake yi ba. Malam ya ce, Baba, me ya hana ka faɗa tun ran nan? Ya ce ba wanda ya tambaye shi, kuma ƙarfe ne mai kyau. Malam ya koma ƙarƙashin mota ya auna da ido, daga ɗan hannun nan mai lilo zuwa inda totur ke jan kafireta. Ashe shi ne ɗan aiken. Shi ke gaya wa akwatin giya yadda direba ya taka, da ƙarfi ko a hankali. Da muka cire shi, giya ta ɗauka kullum a hankali ake takawa. Da aka ɗaure da waya, ta ɗauka kullum a guje ake.

Malam ya ce a kawo ƙarfen. Babana ya ce ai ya zama basilla. Ya yayyanka shi ya ƙera manyan alluran ɗinkin buhu, masu ɗinki a tasha sun saye. Ni aka tura in bi su. Na zaga rumfunan buhu ina roƙon mutane su ara mini basillarsu, suna tambayata ko maƙera sun fara karɓar kayansu ne in an yi fari. Na samo wasu, ɗaya ta tafi Kano a jikin buhun ƙaro. Muka jera su baki da baki a tabarma ko za mu gane tsawon. Babana ya bari muka gama wahala, sannan ya ce ƙarfe in ya sha guduma ai miƙewa yake yi. Na mayar wa mutane kayansu.

Saura gwaji. Babana ya ƙera sabon ƙarfe da ƙiyasi, Malam ya ɗaura, Audu ya riƙe sitiyari, ni kuma aka ce in zauna a baya, a mazaunin Alhaji, da kwanon sha cike da ruwa a cinya, garwa a gefen ƙafata don ƙari. Ni ce ma'aunin. Ku da kuke da na'ura mai fitila, ni zanena ne na'urar. In ƙarfen ya yi gajere, ta riƙe giya ta yi harbi, ruwa ya haye mini ƙirji. In ya yi tsawo, ruwa ya zauna lafiya amma ta kafe a tudu, in sauka in yi turi da jiƙaƙƙen zane, rairayi ya manne mini kamar an barbaɗa wa tsire ƙuli. Mu dawo, a sa ƙarfe a wuta, a rage ko a ƙara, mu koma. Matan da ke tallar nono a bakin hanya suka gane mu. Ɗaya ta tambaye ni cikin tausayi ko mijina ne ke hora ni. Audu kuwa duk harbin da ta yi sai ya ce da kuloci ne da ba haka ba, har na ce masa in ya ƙara faɗa kwanon a ƙeyarsa zai sauka.

Abin da ya ɗaure mana kai, in ta yi daidai a tafiyar hankali sai ta ɓaci a gudu, in ta yi daidai a gudu sai ta ɓaci a hankali. Babu tsawon da ya gamshe ta. Malam ya zauna yana danna totur da hannu yana kallon yadda kafiretar babbar mota ke jan ƙarfen, ya ce hannunta ya fi na asalin zagaye, ba za su taɓa jituwa ba ko shekara za mu yi. Ya tambayi babana tsohuwar kafiretar, murya ƙasa-ƙasa, yana tsoron amsa. Allah ya taimake mu ba ta ƙeruwa, in ta ji wuta narkewa take. Tana bayan ɗaki, da ita nake danne murfin akurkin kaji. Na wanke mata kashin kaji da kananzir, aka mayar da ita mazauninta. Sai Malam ya ɗauki ƙatuwar tukunyar iskan nan ta babbar mota ya kifa a kanta, ta rufe ta ruf. Salansa kuma aka bar ta a yanke. Ƙara na nan, tukunya na nan, mai buɗe inji zai ga abin da yake son gani.

Ba a daɗe ba muka samu tsawon. Ranar na je har tudun rairayi na dawo zanena a bushe, har na ji wani iri. A hanyar dawowa ne Audu, don murna ko don mugunta, ya take totur har ƙasa. Motar ta sauko giya da kanta ta zabura kamar an tsikari doki, kwanon gaba ɗaya ya juye mini a fuska. Muka tsaya muka duba, ba abin da ya lalace. Aka sake, ta sake. Ashe haka aka yi ta tun asali, in ka take ta har ƙasa ta san kana son wuce wani ne. Ƙarfin da Alhaji ke nema yana ƙarƙashin ƙafar Audu tun ranar da aka sauke ta daga jirgi, bai taɓa takawa ya kai can ba don yana fushi da ita. Malam ya roƙe shi, don Allah don Annabi, ranar gwaji kada ƙafarsa ta wuce rabi.

Ranar kasuwar Gashuwa Alhaji ya fito cikin farar shadda, riga da wando, sai ƙamshi. Ya sa aka buɗe inji, ya ga tukunya, ya tambaya ko ƙarfin na nan. Malam ya ce a tayar Alhaji ya ji da kunnensa. Aka tayar, ya gyaɗa kai. Ya ce 'yar maƙera ta zo ita ma, ita za ta cika kwanon a gabansa kada a rage. Na cika shi har baki. Muka jeru a gaba, Audu, Malam a tsakiya, ni a bakin ƙofa da garwata, Alhaji shi kaɗai a baya ya riƙe kwano da hannu biyu kamar mai kai wa sarki fura.

Ta canza ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Ina jin numfashin Malam. Muka haye tudun rairayi ba ta ko yi tari ba. Alhaji ya fara 'yar waƙa a maƙogwaro. Mun hango itatuwan bakin kogi ke nan, sai ga motar Alhaji Sale a gabanmu, ta fito daga wani ƙauye, tana tafe tana rangaji a tsakiyar hanya.

Alhaji ya ce, "Audu, wuce shi."

Audu ya ɗan ƙara, ya tsaya a rabi. Malam ya ce, ranka ya daɗe, ai kwano ake gwadawa yau.

"Na ce ka wuce shi. Ko ƙarfin na baki ne?"

Audu ya dubi Malam, ya dubi madubi, ya take har ƙasa. Ban waiwaya ba. Na dai ji ta zabura, na ji kwano ya bugi wani abu mai taushi, na ga Alhaji Sale ta taga yana komawa baya da bakinsa a buɗe. Alhaji Kyari yana ta dukan kujera yana dariya yana cewa a ƙara. Sai da muka shiga gari dariyar ta tsaya.

Audu ya tsaya a bakin kasuwa, inda aka saba. Ƙarar salansa ta riga ta tara jama'a, dillalai da masu auna ƙaro da 'yan gaisuwa, ga Alhaji Sale zai iso kowane lokaci. Na saci kallo baya. Ruwan bai zuba a ƙirji ba, bai zuba a ƙasa ba. Daga cibiya ya fara, ya bi gaban riga, ya sauka ta wando ƙafa ɗaya har idon sawu. A farar shadda. Duk wanda ya gani abu ɗaya zai ce, kuma kafin la'asar an kai labarin Kumagannam cewa gudun motarsa ya sa Alhaji Kyari ya saki fitsari. Wani dattijo ya riga ya kama hannun ƙofa zai buɗe masa, Alhaji ya riƙe ta ta ciki. Fuskarsa ta canza. Ya ce da Malam, ƙasa-ƙasa, ruwa dai ya zuba, kuma ya san abin da aka yi alkawari.

Na raɗa wa Malam abin da za a yi. Ya zaro ido ya ce ko kashe shi za a yi ba zai iya ba. To ni na iya. Na buɗe ƙofata, na ɗauki garwar nan da sauran ruwanta fiye da rabi, na ɗora a kafaɗa, na ce da ƙarfi a ba ni hanya inji ya yi zafi. Na zagayo ta gefen Alhaji, gilashinsa a sauke. Daidai tagar na yi tuntuɓe da abin da babu, na juye masa ita tun daga hula.

Kasuwa ta juyo kanmu. Alhaji ya zauna ruwa na bin gemunsa, yana kallona. Na ga sanda ya gane. Sai ya banko ƙofa ya fito tsakiyar mutane, ya buɗe hannuwa kowa ya gan shi sharkaf sama da ƙasa, ya fara zagina. Ban taɓa shan zagi mai daɗin wannan ba. Ya zagi ƙafata, ya zagi garwar, ya zagi maƙera tun daga kakan kakana, ya ce ga abin da ke faruwa in aka sa mace a gaban mota. Na durƙusa na rufe fuska da mayafi, kafaɗuna na rawa, mutane suka ɗauka kuka nake. Dattawa suna ba shi haƙuri, wani ya ruga ya kawo riga, wata mai tuwon shinkafa ta ce a bar yarinya haka ai tsautsayi ne. Alhaji Sale ya iso ana cikin wannan, sai shi ma ya shiga ba da haƙuri. Alhaji Kyari ya dafa shi ya ce ba komai, ya dai ji tausayinsa da ya sha ƙura a hanya.

Da za mu koma bai ce mana uffan ba, daga Gashuwa har Nguru. Ya sauka a ƙofar gidansa ya shige. Malam ya ce na kashe mu. Babana da ya ji labari ya ce da na bari ya ƙera wa garwar marfi.

Da safe ina share bakin rumfa sai ga babbar motar Alhaji ta kunno kai, ta hau kan rami ta tsaya. Malam ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya buɗe inji ya saurara, ya zagaya tayoyi, ya ce da direban shi bai ga abin da ke damunta ba. Direban ya ce Alhaji ya ce ciwon a baya yake. Muka leƙa. Buhun gero ne, da sabuwar garwa fil a kansa. Ya ce geron na bakanike ne, sauran motocin suna tafe in sun sauke lodi. Garwar kuma Alhaji ya ce a ba waccan mai santsin ƙafar, ta riƙa koyon ɗaukar ruwa, don ba a san ranar da za a sake bukatarta ba.